Gurbi Ɗaya

Ranar Talata aka liƙa takardar
a bangon da ke kallon famfo,
da ƙusa biyu, ɗaya ta lanƙwashe.
Gurbi ɗaya na ƙwarewa a ciwon yara.
Ni majo ce, ba a tambaye ni ba,
ko da yake shekara ashirin da shida
makullin ɗakin magani na rataye a wuyana.

Tsahiru na Bagalam a nan ya yi karatu.
Na san shi tun allura na rawa a hannunsa.
Damina bakwai ya ci a ɗakin nan,
lokacin zazzaɓin sauro, yara uku gado guda,
uwaye kan tabarma har bakin ƙofa.
Ya iya laluben jijiya a kan jariri
da hasken salula, in wuta ta ɗauke.
In matar Madarunfa ta ce jiya ya soma,
ya san kwana biyar ke nan
ana jiƙa sassaƙe a gida.

Furera kuwa Aljeriya ta tafi.
Bursu bai kai ba, babanta ya saida bijimai biyu.
Ta dawo da takarda mai zanen zinariya,
takardar ta kwanta Yamai wata goma sha tara
tana jiran hatimi.
Ita ko tana nan kullum, ba albashi,
kuɗin kabu-kabu daga aljihunta.
Na'urar numfashin da ta shekara cikin kwali,
muna ɗora mata kwanon abinci,
ita ta buɗe, ta haɗa, ta yi magana.

Na ji su a bayan labule.
Ya ce, mu muka riƙe gida da ruwa da rana,
sai a yanka kaza a miƙa wa baƙo cinya?
Ta ce, baƙo?
A Mokoyo aka binne cibiyata.
Can sun ce mini ƴar Afirka, nan kun ce ƴar waje,
to, ina zan aje jakata?

Sunan Furera ne a takardar.
Rabin maki tsakaninsu.
Rabin maki!
Ko mai gyaɗa a babbar kasuwa
kan nuna maka tiyar kafin ya auna.
Wannan tiya ban gan ta ba.
Ban sani ba ko tana ɗaukar daren da ba a yi barci ba,
ko sanyin ƙasar mutane,
ko bijimai biyu.
Da sunan Tsahiru na gani ma
haka zan tsaya da baki buɗe.

Da dare aka kawo yaro daga Gidan Rumji,
yana fizga, ido ya juye.
Ba su gaisa ba tun safe.
Ya kama ƙafar, ya sami jijiya,
ta lissafa magani a bayan hannunta da biro,
ni na riƙe fitila.
Wajen kiran assalatu yaron ya nemi nono.

Tsahiru ya wanke hannu ya daɗe yana wankewa.
Ya ce mata, in kin je, ki aiko mini da littattafan.
Ta ce to.

Na leƙa ɗaki na ƙirga: arba'in da ɗaya,
ban da waɗanda ke bisa hanya.
Wanda ya rubuta gurbi ɗaya
ina so ya zo ya kwana nan, dare guda,
zan ba shi kujerata.