Kasuwa a Ƙarƙashin Jirgi

Kaka Ige ta ce in kafe gora a nan.
"Tsai da jirgin, Barau, mun iso kasuwa."
Na waiga dama, na waiga hagu,
ba rumfa, ba mai ƙuli, ba ko inuwa.
Tafki ne shimfiɗe har ƙarshen ido,
da zalɓe guda yana jiran rabonsa a ruwa.

Ta nuna ƙasa da haɓa:
"Nan maƙerar Nomau, mai ƙugiya da mashin dorina.
Taku goma gaba, gidan Kande mai daddawa,
wadda in ta buɗe tukunya
har mutanen ƙetare sai sun san ta yi sabuwa.
Ga tsamiyar da ake raba gardama,
a gindinta aka biya sadakina,
tunkiya biyu da damin dawa."

Gungunmu ke nan, in ji ta,
yini guda daga Yelwa in iska ta yarda.
Tun assalatu ake ban ruwan albasa da ƙwarya,
hannu ya kanta, baya ya sage,
amma ba wanda ya kwana da yunwa.

Sai ga masu awo da ƙarfe mai ƙafa uku,
suka shafa jan fenti a wuyan rimi,
suka ce nan Kuwara za ta kawo.
Tsofaffi suka yi dariya har da tafawa:
kogin da muka sani tun kaka da kakanni,
yaushe ya koyi hawa?

Ya hau.

Aka kwashe turmi, awaki, ƙyauren ɗaki,
zuwa gidajen siminti a jere kamar haƙoran taje.
Ba a kwashe makabarta ba.
Mahaifinta na nan, da 'yan biyunta na fari,
karfasa ke kai musu gaisuwa.

Ta kwance bakin zane, ta fito da ɗan dutsen niƙa,
ya yi sulɓi, ya lotsa inda yatsu ke kamawa.
"Uwarsa ta fi ƙarfin kaina ran tashi,
na bar ta a madafa, na ce ina dawowa."
Ta tsoma shi, ta jiƙa shi sarai,
ta mai da shi zane ba tare da ta ce komai ba.
Ni ma ban yi tambaya ba.

Da rana ta karkata ta ce in maimaita.
Na ce Nomau, na ce Kande, na ce tsamiya,
na manta rijiya, ta dungure ni da filafili.
"Garin da ba a kiran sunansa
shi ne ya nutse, ba wanda ruwa ya rufe ba."

Na juya jirgi zan miƙe gida,
ta riƙe mini hannu da sauri:
"Kewaya, yaro, kewaya.
Masallaci ne nan, kuma da takalmi kake tahowa."