Inda Dogo Ya Ƙare

Kakana Korau ya bi buhun gyaɗa
don ya ga inda dogo ke kai gumin shekara.
Kwana uku a tarago, ya sauka Iddo,
ya ce: ashe ƙasa ma tana ƙarewa.

Ya ɗebi teku a tafin hannu, ya kurɓa, ya tofar.
Ya nemi wani malami a Obalende:
ko alwala ta halatta da ruwan da ba ya kashe ƙishirwa?
Aka ce ta halatta.
Sai ya kwance ƙunshinsa, ya daina zancen komawa.

Garin nan ba a kan dutse aka kafa shi ba.
Yashi ne da taɓo, tsibiri a cikin tafki,
tafkin kuma ƙofarsa ɗaya zuwa teku
kamar zauren gidan marowaci.
Da hantsi ruwa ya janye, ya bar ƙaguwa a fili,
da la'asar ya dawo neman abin da ya manta.
Masunta suka fara kafa turke.
Aka ce Eko; harshenmu ya ƙara masa nauyi, muka ce Ikko.
Masu jan kunne suka zo da jirage masu fukafukin zane,
suka raɗa masa wani sunan
ba rago, ba wanzami, ba goron rabawa.

Kafin gyaɗa, kafin manja,
kayan da ake lodi a bakin nan suna da suna,
suna da uwa, suna da tsaga a kumatu.
Wani cikinsu, wa ya sani, da Hausa ya yi kuka.
Teku ba ta riƙe alƙalami.
Abin da ta haɗiye, sai dare ya raba
ka ji shi a ƙarƙashin ƙugin igiyar ruwa.

Ni jikan Korau, kwalekwale nake tuƙi
daga Apapa zuwa tsallake.
Na san inda yashi ke laɓewa ya kama farfela.
Na san hayaƙin kifin Makoko,
inda ɗakuna ke tsaye kan ƙafafun katako kamar zalɓe.
Can waje manyan jirage sun yi sahu,
mako da mako suna jiran a ce su shigo.
Yanzu cike teku ake yi, ana yanka ta fuloti-fuloti,
amma damina na zuwa har ƙarƙashin gadonmu
ta karɓi bashin da ba mu muka ci ba,
ta bar tabarma a kan katanga tana bushewa.

Korau na kwance a Agege, cikin jar ƙasa mai laima.
Jiya ɗana Cindo, ƙafarsa cikin ruwa, ya ce:
Baba, wai ina ne garinmu?
Na ɗaga sanda zan nuna masa arewa,
sai wani jirgi ya wuce, igiyarsa ta juya mu,
sandar ta tsaya tana nuna gada,
da motoci a kai, da mai rake yana ratsawa.