Numfashi a El Alto

A nan sama, mita dubu huɗu daga bakin teku,
iska ba ta cika ƙirji.
Baƙo ya hau matakala goma sai ya dafa bango.
Mota ma haka take, hannun dafawa ne ba ta da shi.

Edwin Mollericona ya kawo tasa ranar Talata,
ja, mai ƙofa uku, turbonta bai fi dunƙulen hannu ba.
Ya ce, "Doña Remedia, a hawan Ceja wata tsohuwar bas ta wuce ni,
yaran ciki har da ɗago mini hannu.
Ki ƙara mata ƙarfin doki arba'in."
Na ce dawakan ba a aljihuna suke ba, buɗe bonet.

Matatar iskar ta yi baƙi kamar gindin tukunya.
Bututun kamfani siriri ne, lanƙwasa uku,
an yi shi don mazauna bakin ruwa
inda iska ke da kauri, a shaƙa ba godiya.
Na cire shi. Na ɗaura mai faɗi,
na kai bakinsa bayan fitila, nesa da hucin inji,
don iska mai sanyi ta fi nauyi.
Wannan ko kakata ta sani, ita da ba ta taɓa riƙe sifana ba.

Sai kwamfuta a cinya, waya a ƙarƙashin sitiyari.
Ƙwaƙwalwar motar ta shimfiɗa mini taswirarta,
gidaje kore, ɗorawa, ja:
nawa za a hura, nawa fetur zai zuba,
yaushe fulogi zai ƙyasta.
Wani injiniya ne ya rubuta su can inda ƙasa take kwance.
Ban san shi ba, ina warware masa ɗinki
gida bayan gida.

Edwin na tsaye a kaina. "Ƙara. Ƙara kaɗan."
Na ce turbon nan ya riga ya fi 'yan'uwansa na gangare gudu
don kawai ya tara abin da suke samu a banza.
In na matsa masa, wata uku za ka yi kana murmushi,
sannan fistan ya fara ƙwanƙwasa ƙofa daga ciki.
Fetur ɗinmu kuma ka san halinsa.

Ashirin da biyu na ba shi.
Da dare muka hau Ceja, giya ta uku, totur a ƙasa,
ina kallon lambobi, yana kallon titi.
Turbon ya yi fito siriri, kujera ta tura mana baya.
Bai ce komai ba. Ya biya, fuska a ɗaure,
amma na ga ya shafa bonet kafin ya shiga.

Bayan bangon garejin nan ɗakin babana yake, Nemesio.
Shekara goma sha tara a ramin kuza na Huanuni,
ƙurar dutse ta zuba masa siminti a huhu.
Tulun iskar asibiti na gefen gado,
da ɗan agogonsa mai allura guda.
Likita ta ce lita biyu, kada a wuce.
Shi ma yakan ce, "Ƙara, 'yata. Ƙara kaɗan."
Nakan kama makunnin, in yi kamar na murɗa.

Daren nan na tarar bai yi barci ba.
Ya ji fiton ta cikin bango.
"Wannan ta sha iska," in ji shi. "Ta wa?"
Ta Mollericona.
"Nawa ya nema?" Arba'in.
"Nawa kika ba shi?"
Na faɗa masa.
Ya yi dariya, dariyar ta zama tari, na tallabe shi har ya lafa.
Ya dubi allurar, ya dube ni.
"Rowa," ya ce, "irin ta uwarki."