Dorina a Tsakanin Taurari

Bayan lisha, a saman bene, unguwar Ruwais,
iskar Bahar Maliya na kawo gishiri da ƙarnin kifi.
Na tuɓe takalma, na jingina da tankin ruwa,
Mishari, ɗan ƙanwata, ya ɗora min na'ura a cinya:
"Kawu Haladu, sabon jirgin yaƙi ya fito.
Gwada shi, ka faɗi gaskiya."

Riyal tamanin da biyar ya narkar a kansa,
kuɗin shawarmar mako biyu.

Na ƙare masa kallo a rumfarsa ta cikin allo:
faɗin ƙirji, guntun wuya,
bindigogi huɗu a kafaɗa,
kyau kam babu ko na anini.
Masu wasan sun ba shi suna mai lamba a wutsiya,
ni kuwa na raɗa masa Dorina.

Na tura sanda, ta yi kunnen uwar shegu.
Sai can ta yi gurnani, ta ɗaga
kamar dattijon da aka tasa daga barcin azahar.
Mishari ya ja tsaki: "Kunkuru ma ya fi ta sauri."
Na ce, sannu dai, yaro.
Shekara goma sha ɗaya nake jan tankar ruwa
daga Faisaliyya zuwa Kilo Sha Huɗu.
Na san abin da nauyi ke so:
ka fara kwana tun kwanar ba ta iso ba,
ka lallaɓa birki tun kana hangen jar wuta.
Ruwan da ke bayanka ba ya yafe gaggawa.

Ga su nan, su uku, daga bayan wani dutse mai yawo,
ƙananan jirage, zirnaƙo zalla.
Suka yi ta yayyafa mata wuta,
ta karɓe kamar ƙanƙara a kan kwano,
sulkenta ko gezau.
Na jira. Na jira.
Ɗaya ya yi gangancin gilmawa ta gaban hancinta,
na danna sau ɗaya tak,
ya watse kamar tulun da ya faɗo daga kan jaki.
Mishari ya yi kabbara har maƙwabci ya leƙo.

Amma kada in yi mata kara.
Daƙiƙa bakwai bindigoginta ke yi su ɗau zafi,
daga nan sai ka zauna kana fifita da addu'a.
Kafin ta waiga baya
ka ƙare kofin shayi, ka ɗauraye shi.
Na biyun ya gane haka,
ya manne mata a ƙeya,
daidai inda 'yan babur masu kai abinci
ke ɓace min a madubi kan titin Madina.
Ya yi ta tsattsagarta a hankali, a hankali,
har allo ya yi fari.

Karo na biyu muka kira Tanimu daga Ɗa'if,
muryarsa na yankewa a kunne,
ya shigo da ɗan jirginsa mai rawar kai, ya tsare mata baya.
Ranar nan mun raka ayarin jiragen kaya
tun daga tasha har ƙofar haske,
ko fenti ba a kankare wa ɗayansu ba.

To ga hukuncina, Mishari:
ba ta ɗan gayu ba ce,
ba ta mai fita shi kaɗai ba.
Ka ba ta abin tsarewa, ka ba ta aboki,
za ta mayar maka da riyal ɗinka har da riba.
In tsere kake so, ka yi asara.

Ya ce zai yi tunani. Barci ya riga tunanin.

Ƙarfe uku da rabi na sauko,
layin tankoki ba ya jiran kowa.
Na ɗaga kai: fitilun Jidda sun cinye taurari,
saura biyu, ko uku, ɗaya ma jirgin alhazai ne.
Na hau, na murza makulli,
ta yi shiru kamar ba ta ji ba.

Sai can.