Kafin Rana Ta Faɗi

Ruwan pampo ya zo ƙarfe uku na dare,
ina ta minshari.
Lai'atu ce ta tashi da fitila a baki,
ta cika bido shida a layin Karkada,
ta ba Tsahara biyu,
don mijinta na kwance, ba mai ɗebo mata.

Da safe na ƙirga, huɗu na gani.
Sai bakina ya riga hankalina fita.
Na ce, "Ke ce gwamnatin unguwa?"
Na ce abin da ya fi haka,
a gaban Fibi, tana ɗaure takalmin lakwal.
Lai'atu ba ta tanka ba.
Ta ajiye mini koko, ta goge hannu a zane.

A Kasuwar Dole ni mai gaskiya ne.
Tiyata ba ta da lotso a gindi,
in na auna hatsi har tozo nake yi.
Baba Yunana ya koya mini tun ina yaro
cewa Ubangiji na duban mudu
kamar yadda yake duban zuciya.
To, ga ni yau da azahar,
ina cika wa baƙo har ya zuba,
na tauye wa matata a gida.

Wata tsohuwa ta ce, "Barnaba, ƙara mini."
Na ƙara.
Hannuna ya san alheri,
harshena ne bai je majami'a ba.

Ran Lahadi ni na karanta wa jama'a,
da babbar murya, da farar riga,
cewa ko moɗa guda ta ruwan sanyi
ba ta ɓacewa a wurin Almasihu.
Ita ta ba da lita hamsin cikin duhu.
Ni na karanta, ita ta ɗauka a ka.

Akwai wata kuma da ba na so in tuna:
fushi ba baƙon kwana ba ne,
a sallame shi tun da sauran haske.
La'asar ta yi, inuwar duwatsu ta miƙe.
Na rufe buhu, ciniki bai ƙare ba.

Na tsai da mai ga-ruwa, na biya bido biyu,
na hana shi kai mini.
Nauyi ne, ashe.
Sau uku na huta kafin kwanar gidanmu,
kafaɗata tana karanta mini abin da na manta.

Na same ta tana tsince zogale.
"Na yi laifi. Ki gafarta mini."
Na faɗa da ƙarfi, don Fibi ta ji
kamar yadda ta ji na safe.

Lai'atu ta dubi ruwan, ta dubi rana,
saura kamu ɗaya ta nutse.
Ta ce, "Ka kai wa Tsahara ɗaya.
Ka dawo, tuwo na jira."