Zane Bakwai a Ƙota

Maƙerin Esquel ya juya ta sau biyu a kan tebur,
ya leƙa bakinta kamar mai duba haƙoran tsohon doki,
ya yanka kuɗin gyara: tumaki huɗu da ɗoriya.
Na mayar da ita buhu, na ce a kai kasuwa.
Motar haya ta sauke mu Río Pico da la'asar,
ni da bindigar babana Nicanor,
wadda ta shekara goma sha ɗaya bayan buhunan ulu
tana shan yoyon kwano.

Cikinta na fara dubawa. Ba harsashi,
sai saƙar gizo-gizo da busasshen ƙwaro.
Kusoshi suka ce ba su san zancen ba.
Na jiƙa su da kananzir,
kwana uku ina lallashi,
na ƙarshen sai da ya ci mini bakin wuƙar burodi.

Maƙwabcina Leandro Antilef ya ce:
"Tafasa ta, Eulalia. Tsatsa ma tana nuna."
To ina tukunya mai tsawon bindiga?
Na ciro indararon ɗakin shirgi,
na toshe gefe da gefe da murfin gwangwani,
na ɗora a kan duwatsu uku,
iskar Patagoniya tana kashe mini wuta
ina sake hurawa, ina zaginta.
Da ruwan ya yi ta ɓararraka
sai ja ya koma baƙi,
kamar garwashi idan ya huce.

Soson ƙarfe na wanke-wanke,
man keken ɗinkin mamata,
tsohuwar safa mai huji a diddige.
Ramukan da tsatsa ta ci suna nan kamar zanzana.
Su zauna. Ni ma ba haka fuskata take da ba.

Sai ƙota.
Jiƙaƙƙen tsumma da dutsen guga
suka tayar da inda katakon ya lotsa.
Na sa samfefa, dauɗar shekaru tana zuba,
gumin tafinsa, kitsen tunkiya, hayaƙin taba,
har na iso zanen nan bakwai.

Muna yara, ni da Fermín muna ƙirga su a ɓoye.
Puma bakwai, muke cewa,
damisar duwatsunmu bakwai babanmu ya kayar.
Da su muke yi wa 'yan ajinmu burga.
Amma yau, ƙarƙashin kowane zane,
ga harafi ƙarami da tsinin wuƙa,
dauɗa ce ta rufe shi.

Na kai wa mama. Idonta ya tafi,
da yatsa ta karanta.
"Tizón," ta ce. "Chola. Barbucho.
Wannan Negra, da mota ta taka.
Ubanki bai taɓa samun puma ba,
sama yake harbawa, ta gudu.
Karnukansa ne, idan tsufa ya karya su.
Ba ya aiken kowa. Shi zai kai su bayan tudu,
ya dawo ya ƙi cin abinci."

Na ajiye samfefar.

Kakin zuma na narka a cokali,
na shafa da tafin hannu, a hankali,
ina zagaye haruffan kada su toshe.
Katakon ya sha, ya yi duhu kamar shayi.

Lissafi: kwalbar kananzir, samfefa biyu,
wuƙa ɗaya da ta tafi.
Bai kai cinyar ɗan rago ba.
Harsashi kuwa ban saya ba.

Gindin murhu Pampa take kwance,
shekara sha huɗu, ƙugunta ya daina ɗaukarta.
Ta ɗaga kai ta shinshina iska,
ƙamshin kaki, ko na mutumin da ta sani.
A ƙasan zane na bakwai akwai sauran fili.

Na rataye bindigar sama da ƙofa,
na juya wannan gefen yana kallon bango,
na jiƙa mata burodi a madara.