Mai Ƙera Sikeli a Leshan

Shekara arba'in ina ƙera sikeli
a lungun da ke gangarawa Kogin Min:
sandar katako, ɗigon tagulla jere kamar taurari,
kowane ɗigo da nauyin da ya yi rantsuwa a kai.
Sai bara, bayan ruwan farko,
hannun dama ya soma rawa.
In auna nan, ɗigo ya sauka can.
Mai barkono ya dawo mini da sikelinsa,
ya ajiye, bai ce uffan ba.
Da ma zagina ya yi.

Tsohuwa Duan ba ta ko dubi rawar ba.
Yatsu uku ta ɗora a wuyan hannuna,
ta lumshe ido kamar mai sauraren maƙwabta ta bango.
Ta ce in fito da harshe.
"Gefensa ya yi ja. Da wa kake fushi?"
Na ce hannu ne ya kawo ni.
Ta ce, "Hannu ɗan aike ne."

Ɗakin na ƙaurin tazargade.
Allura siririya kamar gashin jelar doki
ta shige tsakanin babban yatsan ƙafa da mabiyinsa,
tafiyar yini guda daga inda ciwon yake.
Wata a gwiwar hannu, wata a tsakar ka.
Ba zafi, sai wani nauyi mai tsami
da ya taso yana bin ƙauri,
kamar an cire toshiya a kwalbatin gonar shinkafa.

"Tsauni ɗaya ne," in ji ta, tana murza allura,
"da gefen rana, da gefen inuwa.
Yang da yin. La'asar na yi sai su yi musaya.
Kai shekara nawa ka yi a rana?"

Sha ɗaya.
Tun da muka raba gidan ubanmu ni da ƙanena Shoulin,
ya ɗauki ɗakin da ke kallon ruwa,
na ɗauki kayan aiki da gaskiyata.
Ban faɗa mata ba.
Ina kwance, allura bakwai a jiki,
hawaye ya gangara ya cika mini kunne.

Ni da na fi kowa sani:
sikeli ba ya daidaita don an riƙe shi gam.
Sai an bar dutsen awo ya zame,
gaba kaɗan, baya kaɗan,
har sanda ta kwanta don kanta.

A zuwa na shida rawar ta ragu, ba ta tafi ba.
An hana ni barkono da dare. Ina ci.
Amma jiya na ƙera ɗan sikelin ganyen shayi,
na naɗe shi a jar takarda,
na hau jirgin fito zuwa ƙetare.
Shoulin na bakin ƙofa yana ɗinkin koma.
Ya juya shi, ya kanne ido ɗaya,
ya ce, "Ɗigo biyu sun karkace."
Na ce na sani.

Sai ya matsa mini a benci.